Kofin Kaki da Bakin Tafinta

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni ce babba, ita ce auta. Tun tana goye mahaifiyarmu kan ce yarinyar nan gishiri gare ta, don in ka sumbaci goshinta sai ka ji ɗanɗanonsa a leɓe. Da tari ta tashi. A gida an yi mata maganin asma, an yi na tarin fuka, an yi na gargajiya, ba wanda ya kama. Karatunta a firamare ya tsaya saboda yawan kwanciya, Turancinta kuwa bai wuce na gaisuwa ba.

Ni na riga ta zuwa Ingila. Muna zaune a Salford da maigidana, ina aikin wanki da guga a wani gidan kula da tsofaffi. Aikin ya dace da halina. Fari daban, mai launi daban, na mai gudawa daban, kuma ba a ɗora guga a kan abin da bai bushe ba. Ina son abu ya bi layinsa, shi ya sa zan ba da wannan labari bi da bi, yadda ya faru.

Mijin auta mai gadi ne a wani babban kanti a Birmingham. Da ya samu wurin zama, wani ɗan flat a saman shagon nama a Small Heath, sai ya ɗauko ta daga gida. Gadi shi ne abincinsa, amma abin alfaharinsa yana ranar Lahadi. A majami'arsu ta unguwar Lozells, in fasto ya yi wa'azi da Turanci shi ke juya wa dattawa da Hausa, in dattijo ya tashi ba da shaida da Hausa shi ke juya wa yara da baƙi da Turanci. Yana da kwat guda saboda wannan aiki. Malam tafinta ake ce masa, yana kuma amsawa da dukan ƙirjinsa.

A Birmingham aka gano ciwon auta. Likitan unguwa, wanda ake kira GP, ya tura ta asibiti, suka auna gishirin guminta, suka ɗebi jini, suka ce sunansa cystic fibrosis. Ba mu da sunansa da Hausa. Likitan ya ce da shi ake haifar mutum, kuma ba kasafai ake ganinsa a baƙar fata ba, shi ya sa aka yi shekaru ana bugun iska. Abin da na fahimta shi ne kakin da ke ƙirjinta ya fi na kowa kauri, kamar kokon da ya kwana. In ya zauna a huhu sai ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki, su ci wurin, kuma wurin da suka ci ba ya dawowa. Don haka dole a fitar da shi safe da yamma, har iyakar rai.

Fitarwar tana da tsari. Da farko ta shaƙi tururin ruwan gishiri don kakin ya saki. Sai ta yi numfashi a hankali, sai ta ja mai zurfi ta riƙe, sai ta huro da baki buɗe kamar mai son mudubi ya yi gumi. Daga nan tari ya zo, ta tofar. Akwai ma'aikaciyar asibiti da ke koyar da wannan, fisiyo ake ce mata. Wata Baturiya ce doguwa, takan zo har gida, ta kwantar da auta a gefe, ta ƙoƙe tafin hannu ta bubbuga mata haƙarƙari. Lokacin zuwanta mijin yana wurin aiki. Da hannu da ido suke magana, suna kuma fahimtar juna, auta ta yi kakinta ba kunyar kowa. A wannan shekarar har ƙiba ta yi.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Ɗakin karatun unguwarmu aka rufe shi. A wurin aikina aka sallami mace guda, aka ce mu da muka rage mu raba injinta. Masu zuwa gida irin fisiyon auta su ma aka rage su. Aka ce za a auna kowane majiyyaci, wanda zai iya shi kaɗai da wata 'yar na'ura sai a janye masa mai zuwa gida a ba wanda ya fi shi buƙata. Na'urar kamar usur take, da ƙwallon ƙarfe a ciki. In ka hura sai ƙwallon ya yi rawa, rawar ta girgiza ƙirji. Aka ba auta ita ta gwada na wasu makonni, aka sa ranar awo. Asibiti suka nemi tafintan Hausa suka rasa. Mijin ya ce kada su wahalar da kansu, ai sana'arsa ce.

Ba na wurin ranar. Abin da zan faɗa daga bakin auta na ji shi, na kuma ji daga bakin fisiyon daga baya, maganarsu ba ta saɓa ba.

Ma'auni uku suke da shi. Na ɗaya, wani inji da ake hura wa iska da iyakar ƙarfi, ya nuna lamba. Na biyu, wani kofin roba mai murfi da ake tofa kaki a ciki lokacin aikin, a ɗora a sikeli. Na uku, bakin mai ciwon.

Injin bai ce komai ba. Lambarsa ba ta cika motsi cikin ɗan lokaci, kuma ranar ta faɗo cikin ranakun auta masu dama-dama.

Kofin kuwa, ga abin da ya same shi. Tun farkon aurensu mijin ya kafa doka cewa ba a kaki a gabansa, wai yana tayar masa da zuciya. In yana gida, banɗaki take shiga ta saki famfo don kada ya ji. Yanzu ga shi zaune a kujera dab da ita, ga kofi a hannunta. Ta hura usur, kaki ya taso har maƙogwaro, ta dubi mijinta, ta haɗiye. Ya sake tasowa, ta sake haɗiyewa. Aka ɗora kofi a sikeli, ɗan yawu ne kawai a gindinsa.

Kofi mara nauyi baki biyu gare shi. Ko dai ƙirjin ya washe tun a gida ba sauran abin fitarwa, ko kuma usur ɗin ba ya ciro komai. Fisiyo ta san haka, don haka ta koma ga ma'auni na uku. Ta ce wa mijin ya tambayi matarsa yadda take jin ƙirjinta tun da ta fara amfani da na'urar, ko yana fita da sauƙi, ko tana jin nauyi.

Ya juya ya ce, "Wai yaya jikin?"

Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi."

Ya juya ga Baturiya ya ce, "She is much better."

Duk wanda ya sha nonon Hausa ya san "da sauƙi" ba labarin jiki ba ne. Amsar gaisuwa ce. Mahaifiyarmu ta faɗe ta ana gobe za ta rasu. Mutumin da ke tsaye gaban jama'a kowace Lahadi yana juya harshe biyu ya san wannan fiye da ni. Ya kuma ga maƙogwaron matarsa yana hawa da sauka. Fisiyo ta ƙara tambaya ko da wani abin da ke damunta, ya amsa da kansa, bai ko juya ba. Aka janye mai zuwa gida, aka nisanta ranar komawa asibiti.

Ni ban san an yi ba. In na kira auta ba na sauraron amsarta, tarinta nake saurare, kuma ta iya toshe bakin waya. Labarin ya zo mini ta bakin wata 'yar zumuntar mata ta Lozells da ta kira ni a waya, ina tsaye ina jiran tram, jirgin ƙasan cikin gari.

"Maman Salford, barka, barka. Kin ɓuya, ko shinkafar godiya ba ki zo kin ci ba."

"Godiyar me?"

"Au, ba ki ji ba? Surukinki ya ba da shaida ran Lahadi. Ya ce ƙanwarki ta warke, sikelin Turawa da kansa ya tabbatar. Kofi fayau, ba ko ɗigo. Har rawa muka taka."

"Ita ta yi rawar?"

"Ita tana zaune. Kin san ta da kunya."

Ranar hutuna na hau bas zuwa Birmingham. Matakalar flat ɗin nan tana da tsayi, na ƙwanƙwasa na daɗe kafin a buɗe. Auta ce, ta dafa bango, wuyanta ya zama kamar na kaza, jikinta zafi rau. Numfashinta na ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Na tambaye ta ina usur. Ta nuna saman kabad. Mijin ya ɗora shi can bayan shaidar, wai wanda aka warkar ba ya ajiye sandar gurgu a gefen gado.

Ya shigo sanye da kayan gadinsa, ya gan ni ina haɗa mata kaya.

"Yaya, sannu da hanya. Ba ki sanar ba."

"Ciwon ma bai sanar ba. Me ka faɗa wa Baturiya?"

"Abin da ta faɗa na faɗa."

"Da sauƙi?"

"To ni na sa mata a baki? Tafinta ba ya ƙari ba ya ragi, Yaya. Kuma ba kyau mutum ya riƙa kiran ciwo da bakinsa. Abin da ka furta shi kake gani."

"Sauko mini da abin can."

"An riga an ba da shaida a kansa."

Na jawo kujera na hau na sauko da shi da kaina. Bai hana ni ba, bai kuma riƙe mini kujerar ba.

Asibiti suka kwantar da ita a ɗaki ita kaɗai, don masu irin ciwonta ba a haɗa su, kada su ba juna ƙwayoyin cuta. Aka yi makonni ana ɗura mata magani ta jijiya. Na ɗauki hutun da nake tarawa don zuwa gida na zauna da ita. Da zazzaɓin ya sauka aka kawo injin hurawa. Lambar ta faɗi ƙasa sosai. Da aka gama magani ta ɗan hau, ta tsaya, ba ta koma inda take ba. Likita ya ce wataƙila nan za ta zauna. Na ce ya faɗa mini ba wataƙila. Ya ce wani sashe na huhun dama ya lalace.

Doguwar fisiyon nan ta zo ta sake awo, ni ce a kujera wannan karon. Na ce wa auta, "Ni na wanke miki kashi kina jaririya. Tofa." Ta hura, ta yi tari, ta tofa. Kofi ya yi nauyi, kore shar. Aka gwada da usur kaɗai wata rana, aka gwada da bubbugawa wata rana, aka ga usur yana taimakawa amma bai isa shi kaɗai ba. Da Turancina na ɗakin wanki na bayyana wa Baturiyar abin da ake nufi da "da sauƙi", da dalilin haɗiyewa. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun auta ta ba ta haƙuri. Ban riƙe ta a zuciya ba. An ba ta ma'auni uku ta yi aiki da su, biyu aka lalata mata a gaban idonta cikin harshen da ba ta ji. Daga ranar ta daina tambayar yadda jiki yake. Sai ta tambayi ko auta ta hau matakala ba ta tsaya ba, ko ta iya wanka a tsaye, ko kakin jiya ya fi na yau duhu.

Mijin yakan zo da lemo da ayaba, ya tsaya a ƙofa ya yi addu'a mai tsawo. Ina cewa amin, don addu'a ba tasa ba ce. Amma tun a ɗakin nan na tsara abin da zan yi, na kuma jera shi.

Na fara da abin da ya fi gaggawa. Na roƙi a mayar da kulawarta Manchester, kusa da mu, na kawo ta gidana, na ba ta ɗakin da ke kusa da banɗaki, na ajiye kofuna a kan taga inda kowa zai gani. Safe da yamma ni ke bubbuga mata, yadda aka koya mini. Maigidana ya koyi cin tuwonsa ana tari a gefensa, bai mutu ba.

Sannan na jira. Ban kira fasto ba, ban kai ƙara wurin dattawa ba. Da na yi haka da an kira mu ɗaki an rufe ƙofa, a ce a yi haƙuri, a yi addu'a, a tashi. A gaban jama'a ya yi abinsa, a gaban jama'a nake so. Na bari har ya saki jiki, har na ji yana gaya wa mutane wai matarsa ta je hutu wurin yayarta.

Wata Lahadi na ɗaura zanen zumuntar mata, na guge shi har yana ɗaukar ido, na hau bas ɗin farko. Majami'ar wani zaure ne da ake haya, kujerun roba, hita ɗaya mai ɗumama wuri a kusurwa inda tsofaffi ke taruwa. Na zauna cikin mata. Ya hango ni daga gaba, ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Da aka zo lokacin shaida fasto ya ce wa ke da abin da Ubangiji ya yi masa, na miƙe. Ba a hana baƙo shaida. Na fita gaba, aka ba ni abin magana, malam tafinta ya gyara kwat ya tsaya a damana da nasa.

Na ce, "Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji." Ya juya.

Na ce, "Na zo gode wa Allah domin ƙanwata tana da rai." Ya juya, aka ce amin.

Na ce, "Kafin in ci gaba zan gaida uwarmu." Akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, a keken guragu ake turo ta, amma bakinta lafiya lau. Na ce, "Kaka, yaya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, 'yata."

Na dubi tafinta. "Malam, faɗa wa yara abin da Kaka ta ce."

Ya ɗan yi murmushi, bai gane inda na dosa ba tukuna. Kafin ya buɗe baki Kaka ta ɗaga sandarta ta nuna shi. "Kai, ka bi a hankali. Kada ka ce musu na warke, hukumar council ta zo ta ƙwace mini keke."

Zauren ya fashe da dariya. Shi ma ya yi, rabi. Ya ce wa yara da Turanci Kaka ta amsa gaisuwa ne kawai, haka ake cewa.

Na ce, "Madalla. Ashe ka sani."

Daga nan na ɗauko labarin daga farko, jimla ɗaya in tsaya, in jira shi. Na faɗi sunan ciwon. Ya juya. Na faɗi yadda ake fitar da kaki. Ya juya, yana kallon silin. Na faɗi ma'auni uku. Na ce akwai wani miji da ya hana matarsa kaki a gabansa. Nan muryarsa ta yi ƙasa, ya ce wa yara wai a wasu gidaje akan samu rashin fahimta. Wata budurwa mai karatun aikin jinya ta ɗago daga layin matasa ta ce da Turancin Birmingham ba haka Mama ta ce ba. Wani dattijo a gaba ya ce, "Malam tafinta, faɗi abin da aka faɗa."

Na ce, "Shi ya koya mini. Tafinta ba ya ƙari ba ya ragi."

Ya faɗa. Na ce matar ta haɗiye kakinta don kunyar mijin, kofi ya fito fayau. Ya faɗa. Na ce an tambaye ta da Turanci yadda ƙirjinta yake, mijin ya mayar da tambayar gaisuwa, ya mayar da amsar gaisuwa labarin warkewa. Ya faɗa. Ba wanda ya yi tari a zauren.

Fasto ya matso ya ce a hankali, "Mama, a taƙaita."

Na ce, "Fasto, ran da aka ba da shaidar farko ba a taƙaita ba. Har shinkafa aka ci a kanta." Wannan ban jira a juya ba.

Na ce an ɗora na'urar a saman kabad. Na ce an kwantar da matar a asibiti. Na ce wani sashe na huhunta na dama ya tafi, ba zai dawo ba, ko an yi azumi ko an yi rawa. Sannan na ce, "Mijin nan shi ne ke tsaye a damana."

Ya tsaya da abin magana a bakinsa. Da Turanci ba yadda za a faɗi wannan jimla sai mutum ya ce ni ne. Na jira. Na iya jira, mai guga ce ni. Daga ƙarshe ya faɗa, ƙasa-ƙasa, amma lasifika ta ɗauka ta kai har bayan zaure.

Na ce, "Ina gode wa Allah da ya bar mata na hagu. Shaidata ke nan." Na miƙa abin magana na koma kujerata. Na zauna har aka yi addu'ar rufewa, na gaisa da mata, na ƙi cin abinci, na kama bas.

Dattawa suka zauna a kansa a makon. Aka sa shi horo, aka mayar da shi bencin baya, aka ba wani malamin makaranta aikin tafinta. Da wa'adin horon ya cika an karɓe shi, amma ba a mayar masa da abin magana ba. An ce mini kwat ɗin ya daina sa shi. Na ji daɗi, kuma har yau da nake rubutu ina jin daɗin.

Auta ba ta ji ba. Labari ya riga ni isa gida ta waya. Na same ta zaune a bakin gado.

"Yaya, kin kai kakina gaban jama'a."

"Shi ya fara kai kofinki."

"Shi ya kai wanda ba komai a ciki. Ke kin kai cikakke."

"Ƙarya ya kai, na kai gaskiya."

"Duk ku biyun ba wanda ya tambaye ni."

Na ce lokacin tururinta ya yi. Ta shaƙa, ta kwanta a gefe, na bubbuga mata. Ta daɗe tana yi mini magana iya ta dole.

A wannan lokacin ta ƙulla da maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya 'yar asalin Salford wadda ta yi aikin masaƙa har aka rufe. Ajin koyon Turanci na council an riga an soke shi, sai auta ta riƙa shiga wurin tsohuwar da rana suna shan shayi. Ban san me suke yi ba sai da na ji ta a ɗaki tana maimaitawa ita kaɗai: ya fi jiya kauri, ba ya fita, na tsaya a tsakiyar matakala, gefen dama ne. Da Turanci, da irin lanƙwasar harshen tsohuwar.

Mijin ya turo dattawa biko. Na ce musu ba ni ke aure ba, amma in an tambaye ni, a'a. Auta ta ce musu tana nan tukuna, kusa da asibitinta, in yana son ganinta ya san hanya. Ya fara zuwa duk ran da ba ya aiki. Ina buɗe masa ƙofa, in nuna masa kujera, in ci gaba da abin da nake yi. In lokacin aikin ƙirji ya yi yana nan, ba na ɗagawa. Ran farko ya fita waje. Daga baya ya riƙa zama, yana kallon takalmansa.

Da ranar babban awo ta zo a asibitin Manchester, ya ɗauki hutu ya zo. Muka tafi mu uku a tram. Fisiyon wurin wani saurayi ne mai fara'a. Ya fito da kofi a hannu ya tambayi wanda zai shiga ya yi tafinta. Na miƙe. Mijin ma ya ɗan ɗaga daga kujera.

Auta ta karɓi kofin. Ta ce wa saurayin da Turancinta ita kaɗai za ta shiga. Sannan ta juyo gare mu da Hausa. "Maigida, zauna. Yaya, ke ma zauna."

"Auta, in ya tambaye ki abin da ba ki gane ba fa?"

"Sai in ce ya sake faɗa."

Ta miƙo mini jakarta da mayafinta, ta shiga, aka rufe ƙofa.

Kujeru huɗu ne a barandar. Ya zauna a ta farko, na zauna a ta ƙarshe. Ta cikin ƙofa muna jin usur yana rawa, sai shiru, sai tari mai zurfi, sai muryarta, a hankali, tana tsayawa tana nemo kalma. Ta daɗe tana magana. Ban taɓa jin ta yi wa wani bayani mai tsawon haka ba, ko da Hausa.

Ya gyara murya. "Yaya, kawo jakar in riƙe miki."

Ban ba shi ba.